Minti Biyar da Hawa na Sha Ɗaya

Minti Biyar ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Shekara talatin da 'yan kai yana gyaran agogo a wata 'yar rumfa a gindin benen masu sayar da yadi, duk wanda ya miƙo masa agogo amsa ɗaya yake samu: "Zauna, minti biyar." Wani ya yi minti biyar ɗin ya tafi da abinsa, wani sai ya dawo bayan sati. Teburinsa bai fi faɗin tire biyu ba. Agogunan da masu su suka manta da su suna rataye a ƙusa, ga gwangwanin alawa cike da matattun batura waɗanda shi kansa bai san dalilin tara su ba. In ya maƙala gilashin nan mai ido ɗaya ya sunkuya, ko faɗa ake a layin sai an taɓa kafaɗarsa.

Duk abin da ke da allura da haƙora ya san kansa. Abin da ya wuce nan kuwa, duniya ɗaure masa kai take yi. 'Yarsa ta taɓa sayo masa waya mai shafawa, ya kwana biyu yana neman inda ake kwance bayanta, da bai samu ba ya mayar da ita kwali.

Abu ɗaya ne na zamani ya taɓa shiga ransa, shi ma zamaninsa ya wuce tuni. Ƙarfe ɗaya na rana yake rufe rumfa ya taka zuwa gida, ya ci abinci, ya zauna a gaban tsohuwar talabijin mai ƙaton ƙeya, ya kunna gem. Rabin awa cif, sannan ya koma aiki. Gem ɗin wani akwati ne mai ruwan toka, da hannu mai igiya mai maɓallan dannawa, da kaset ƙwaya ɗaya wanda takardar jikinsa ta ɓare tun da daɗewa, har babu mai tuna sunan wasan. A gidan "mai fitila" ake ce masa. Wani guntun mutum ne riƙe da fitila yake hawan hasumiya mai hawa goma sha biyu, jemagu na kawo masa hari, tsani na karyewa, in fitilar ta mutu shi ma ya mutu.

Yayansa ne ya sayo shi, lokacin suna samari a ɗaki ɗaya. Yaya direban babbar mota ne, mai dariya da ƙarfi, mai cin abinci a tsaye. Kaset ɗin yana da gurbi uku na ajiye wasa, kowanne da suna da lambar hawan da mutum ya kai. Na sama na Minti Biyar, na tsakiya na Yaya, na ƙasa babu kowa. Ranar da Yaya ya kai ƙarshen hawa na sha ɗaya, sai ya tsayar da ɗan mutumin a bakin wata baƙar ƙofa, ya ajiye wasan, ya miƙe yana neman takalminsa.

"Kar ka taɓa min," ya ce. "In na dawo daga tafiyar nan tare za mu buɗe."

Bai dawo ba. Zazzaɓi ne ya kama shi a hanya, kafin labari ya iso gida an riga an binne shi. Yau shekara goma sha tara ke nan.

Tun daga ranar Minti Biyar bai shiga gurbin tsakiya ba. Kullum in ya kunna sai ya ga sunan Yaya da lamba 11 a gefensa, ya ɗan kalle su kamar mai gaida maƙwabci ta taga, sannan ya shiga nasa. Ya yi wa kansa alkawari, in ya kai hawa na sha ɗaya da ƙafarsa, ranar zai buɗe wa Yaya ƙofarsa. Matsalar ita ce hawa na tara. A can akwai inda daɓe ke motsi jemagu na saukowa, kuma a nan ɗan mutumin ke faɗawa kullum, shekara da shekaru, da irin kukan nan na gem mai kama da na ɗan tsako. Sai Minti Biyar ya ce, "To, gobe," ya kashe.

Matarsa, Maman Yara, ba ta taɓa nuna ta san gem ɗin na ɗakin ba, sai in za ta goge ƙura. Saƙa take yi, rigunan jarirai da hulunansu, tana zaune a kujerar bakin taga bakinta na ƙirga. Abin da take faɗi a kan wasan bai wuce, "Malam, abinci zai huce," ba.

Sai kuma Mai Rediyo, wanda rumfarsa ke kallon ta Minti Biyar. Shekara goma sha ɗaya ba sa wuce gaisuwa. Dalili kuwa, akwai lokacin da talabijin ɗin ta lalace, Maman Yara ta ce ta aika da ita wajensa har da gem ɗin don ya gwada, shi kuwa ya riƙe kayan wata biyu yana cewa gobe. Minti Biyar, mutumin da agogon wani ke shekara a ƙusarsa, bai yafe wannan jinkirin ba har yau.

Wata Talata ya kunna gem, sai ya ga sunan Yaya yana rawa. Lambar 11 ta rikiɗe ta zama wasu zane-zane, ta dawo, ta sake rikiɗewa. Ranar ko fara wasan bai yi ba. Ya zare kaset ɗin, ya naɗe shi a hankici, ya tafi da shi rumfa.

Ya maƙala gilashinsa, ya kwance 'yan kusoshin bayan kaset ɗin, ya buɗe. Sai ga batiri. Ɗan faifai mai sheƙi, irin wanda durowarsa ke cike da shi. Minti Biyar ya yi dariya shi kaɗai, har mai yadi ya leƙo. Ashe abin da ya tayar masa da hankali ke nan. Batiri nawa ya canja a rayuwarsa? In ka cire wa agogo batiri, allura tsayawa take yi inda take, ta jira ka, ka sa sabo ta ci gaba. Ya ɗaga kai ya hango Mai Rediyo yana hura wa wata rediyo ƙura. Ya ɗan yi tunanin tsallakawa ya tambaya, sai ya tuna wata biyun nan, ya mayar da kai ƙasa.

Aikin ya yi kyau, babu laifi. Ya ɗaga 'yan ƙarafan da ke riƙe da tsohon a hankali, ya zare shi, ya goge wurin, ya zaunar da sabo, ya ɗaure. Ya duba agogon hannunsa. Karo na farko a tarihin rumfar, aiki ya ƙare a ƙasa da minti biyar.

Bai iya jira har gobe ba, ya sake rufe rumfa ya koma gida. Ya sa kaset, ya kunna. Gurbi uku suka fito, dukansu wayam.

Ya kashe ya kunna. Ya zare kaset ɗin ya hura masa iska, ya mayar. Ya bubbuga ƙeyar talabijin. Ya ciro tsohon batirin daga aljihu, ya sake kwance kaset ɗin a kan gwiwarsa ya mayar da shi, don a ganinsa in abin a cikin batirin yake, ai ga batirin nan bai je ko'ina ba. Wayam. Maman Yara ta daina ƙirga.

Haka ya haɗiye girman kan shekara goma sha ɗaya ya koma bakin rumfa, ya tsallaka titi zuwa wajen Mai Rediyo.

Mai Rediyo ya juya kaset ɗin a hannu, ya saurari bayani, ya girgiza kai. "Minti Biyar, wannan ba agogo ba ne. Batirin nan shi ke riƙe masa abin da ya tuna. Ana haɗa sabon ne tun tsohon na jiki. Da ka cire shi, ko na ƙiftawar ido ne, shi ke nan."

"To ina ya tafi?"

"Wa?"

"Hawa na sha ɗayan. Ina ya tafi? In a batirin yake, ga batirin. In a kaset yake, ga kaset."

"Bai tafi ko'ina ba. Babu shi ne kawai."

"Abu ba ya nan, kuma bai tafi ko'ina ba?"

"Haka."

Minti Biyar ya zauna a bencin masu jira ba tare da an ce ya zauna ba. Ya kalli batirin a tafin hannunsa, ya juya shi, kamar zai ga rubutu a bayansa. Shekara goma sha tara yana gadin ƙofa, ya zo ya rushe gidan da hannunsa, kuma yana dariya lokacin da yake rushewa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ga shi bai ma gane abin da ya faru ba balle ya san wa zai yi wa fushi.

Mai Rediyo ya ajiye buroshinsa ya ce, "Ni dai na gaji da riƙon amanar nan. Talabijin ɗinka ba ta taɓa kwana a rumfata ba. Je ka tambayi Maman Yara."

Ya same ta inda ya bar ta, saƙa a cinya. Ya maimaita mata maganar Mai Rediyo kalma bayan kalma, don shi bai fahimce ta ba balle ya sake mata tsari.

Ta soke alluran a ƙwallon zare. "Zauna, Malam."

Ya zauna.

"Talabijin ba ta lalace ba a lokacin. Ni na yi ɓarna. Kullum ina ganin kana kallon sunan Yaya, sai wata safiya na ce bari in ga abin da ke ciki. Na danna wani abu, ya yi min tambaya da yaren da ban iya ba, na danna na farko. Sai sunan ya ɓace."

"Ya ɓace."

"Ya ɓace. Na rasa inda zan sa kaina. Kafin ka dawo na kwashe kayan na kai gidan ƙanwata, na roƙi Mai Rediyo ya ce suna wajensa. Kullum in ka fita sai in tafi can. Na rubuta sunan Yaya a gurbinsa, na fara daga hawa na ɗaya. Wata biyu na yi."

Tambayoyi sun yi wa Minti Biyar yawa, sai mafi ƙanƙanta ta riga fitowa. "Hawa na tara fa?"

"Ai jemagun ba haka kawai suke zuwa ba. Uku, ɗaya, uku, sai su huta. Kamar saƙa ne. Kai kana kallon daɓen, ba ka ƙirga su."

Ya jingina da bango. Ke nan shekara goma sha ɗaya wa yake gaisarwa kullum da rana? Yaya ne, ko matar da ke zaune taku uku a bayansa tana cewa abinci zai huce? Ya nemi fushi a ransa, ya same shi, amma da ya ɗago shi sai ya ga babu wanda zai ɗora wa. Ita ta goge sau ɗaya ta gina. Shi ya goge duka biyun, kuma ko hawa na tara bai iya wucewa.

"Ki yi haƙuri," ya ce, bai san ko shi ya kamata ya faɗa ba.

"Kai za ka yi haƙuri," ta ce. "Mayar masa da sabon batirin, ka miƙo min hannun nan."

Shi ya rubuta sunan Yaya a gurbin tsakiya, harafi bayan harafi. Ita ta yi hawan. Hannunta ya manta wasu wuraren, don haka kwana tara suka yi, rabin awa kullum bayan abinci, tana gaban talabijin bakinta na ƙirga, shi yana kujerar bakin taga da ƙwallon zare a cinya. Ranar da ta wuce hawa na tara bai ma ga yadda aka yi ba, ya sunkuya ɗaukar allura ke nan.

A rana ta tara ɗan mutumin ya tsaya a bakin baƙar ƙofa, fitila a hannu. Ta ajiye wasan, ta ɗora masa hannun gem a gwiwa.

"Wancan karon ma a nan na tsaya," ta ce.

"Ba ki buɗe ba? Ko leƙawa?"

"Ba da ni aka ce za a buɗe ba."

Ya kalli ƙofar. Bai kai nan da ƙafarsa ba, Yaya ma ba shi ya kawo ɗan mutumin nan ba, duk sharuɗɗan da ya kafa wa kansa babu wanda ya cika. Abin da ya rage daga maganar Yaya kalma ɗaya ce, tare. Ya matso kusa da ita, ya miƙa mata gefen hagu na hannun gem ɗin, shi ya riƙe na dama.

"Ki tura shi gaba, ni zan danna."

Ƙofar ta buɗe. Babu taska, babu sarauta, babu kiɗa. Wani tsani ne kawai, dogo, ya miƙe sama cikin duhu, da jemage ɗaya rataye a gefe. Minti Biyar ya zuba masa ido. Shekara goma sha tara, ashe tsani ne. Ya so ya yi dariya, sai ya tuna Yaya bai taɓa ganin tsanin nan ba, kuma da ya gani da ya yi dariyar da za a ji har titi. Kewarsa ta taso masa gaba ɗaya, irin wadda bai ji ba ko ranar da aka kawo labarin, hawaye suka sauko har kan maɓallan.

Maman Yara ta tsayar da wasan, ta jira har ya share fuska da hannun riga. Agogon bango ya nuna biyu saura kwata.

"Malam, rumfa fa?"

"Minti biyar," ya ce.

Ta san abin da hakan ke nufi a bakinsa. Ta ture kwandon saƙa gefe da ƙafa, ta gyara riƙon gefenta.