Robar da na ja kamar alawa

Ƙaurin narkakkiyar roba nake fara tunawa kafin in tuna fuskarta. 'Yar ƙauyenmu na Hausawa ce daga wajen Kamlin, a ƙasar da Larabci ne harshen gari, ɗakinmu ɗaya a jami'a, aikin kammala karatunmu ma ɗaya. Muna cuɗa roba da wasu siraran bututun sinadarin kabon da ido ba ya gani, muna neman ta daskare da ƙwari. Gurbin ƙaro karatu kuwa ɗaya ne tak, malamin da ke duba aikinmu zai zaɓa.

Wata biyu robar tana fitowa da gautsi, har na tuna yadda kakata ke jan alawa a jikin ƙusa sai ta yi fari. Na ce mu ja ta tun da zafinta. Da muka ja, zaren cikinta ya miƙe, ya jeru a jikin bututun kamar nama a tsinken tsire, ya daskare da wuri, da ƙwarinsa.

Da malamin ya zo, ta gaya masa da Larabci cewa dabararta ce. Na ce mata da Hausa, a hankali, "'Yar'uwa, alawar kakata ce fa." Ta juya gare shi ta ce da Larabci, "Ya daktor, ni ba na jin yarensu." Ita ya zaɓa.

Sai bayan shekaru, a wani zaman makoki a garin Makwar, na jiyo muryar malamin daga wajen maza yana gai da tsofaffi da Hausar Sakkwato tsantsa. Mahaifiyarsa Bahaushiya ce, da Hausa aka raine shi. Ashe ranar ya ji abin da na faɗa mata.