Dutsen Niƙan Inna

Wata Alhamis ce, ranar da ba a zuwa lekol, makarantar boko, a ranin da aka kawo injin niƙa unguwarmu a Madarumfa, ina ɗan shekara tara. Ina tsaye a lambunmu na kusa da tafki lokacin da bakin ramin da muke ɗiban ruwan bayin shuka ya zabtare da Baba, da garwa biyu a hannunsa. Ya fito duk laka, yana dafe da ƙugu. Karo na uku ke nan a ranin, kuma ya ce in ba a gyara bakin ramin da dutse ba, bana ba mu da albasa.

Ƙasarmu yashi ce, dutse sai an yi tafiya. Amma tun da injin ya zo, mata suka jingine duwatsun niƙansu a bayan rumbu. Su muka bi gida-gida muna roƙo, muna ɗora wa jaki ɗaya bayan ɗaya, har kafaɗuna suka saɓule. Baba yana haƙa gurbi, mu kafa kowane dutse a tsaye, mu cusa tsakuwa da yumɓu a tsakani, in bi ina daddannawa da taɓarya. Mako biyu muna wannan aiki kafin muka zagaye ramin. Ya rage wurin da mai ɗiba zai tsaya, wanda ke son dutse mai faɗi a kwance, kuma duk unguwar ba mai faɗin na Inna, mahaifiyar Baba, wanda ta zo da shi daga Gabi.

Inna ta ƙi. Ta ce na sauran mata a tsaye suke, ba mai hawansu, amma nata da ya ciyar da gidan nan shekara da shekaru ba za a taka shi da ƙafar laka ba. Baba ya ci gaba da ɗiba a kan wani guntun katako, rabin garwa rabin garwa, albasar layin ƙarshe ta fara kwanciya. Ni da nake jikanta, mai wasa da ita, na tsokane ta cewa ta fi son dutse a kan ɗanta. Ta ce, "Maigida, bar ni da bakinka." Washegari ta biyo mu lambu da sandarta, ta zauna ta daɗe tana kallon yadda Baba ke miƙewa da ƙyar.

"Ku kife shi," in ji ta. "Bayansa ku taka, fuskar tawa ce."

Haka aka kwantar da shi, fuskarsa a yashi. Albasar ta tashi.

Na yi yawo daga baya, na ga tafkunan ado a Maroko da Turkiyya, an daɓe bakinsu da dutse sassaƙaƙƙe, ban taɓa jin sha'awar tambayar inda dutsen ya fito ba. Bara na koma lambun. Ramin ya cike, ƙanena da inji yake bayi. Na sa aka tono dutsen aka birkita shi. Fuskar tana nan sumul, da kwarmin da hannun Inna ya yi. Gwiwoyina ba su bar ni na durƙusa ba, sai na miƙa hannu daga zaune na shafa shi.