Guguwa da Matacciyar Ƙwallo

Mijin ƙanwata, wanda kowa ya sani da Guguwa, ya rasu ranar tara ga watan Mayu, 2021. Allah ya jiƙansa. Tela ne, amma duk wanda ya taɓa kai masa ɗinki ya san ƙwallon tebur ce sana'arsa, ɗinki kuwa sai ya ga dama.

Teburin yana bayan shagonsa, ƙafa ɗaya bisa bulo. Ƙa'idar wurin ita ce wanda ya ci ya ci gaba da wasa, wanda aka ci ya koma benci. Guguwa bai san benci ba. Duk ƙwallon da ta zo masa tana juyi, sai ya kifa faifansa na buga ƙwallo a kanta, ya mayar da ita kamar harsashi.

Ana nan sai wani tsohon direba ya tare a layinsu, ya fara zuwa wasa a teburin. Ciwon gwiwa ya hana shi gudu, don haka tura ƙwallo kawai yake yi, ta taho a hankali, ba juyi ba kuzari, kamar wadda aka aika dole. Guguwa ya kifa faifai yadda ya saba, ya ɗirka, ta faɗa raga. Ya ƙara ƙarfi, ta tsallake tebur.

"Baba, wannan ai matacciyar ƙwallo ce!" in ji Guguwa.

"To ɗana, tashe ta mana," in ji direban. "Ga benci can, na ɗumama maka."

Kafin wata ya ƙare, masu kallo sun sauya wa Guguwa suna zuwa Mai Benci, abin da ya hana shi sukuni.

Daga bisani ya gano kuskurensa. Ƙwallon da ba ta juyi ba ta ɗagawa da kanta. Wajibi ne mutum ya matso, ya ɗan buɗe faifan, ya goge ta sama da gaba, ya ba ta juyin da ba ta zo da shi ba. Sai dai ganewa daban, hannu daban. Ya mayar da teburin cin abinci wurin horo, ƙanwata tana jefa masa ƙwallo tana mita.

"Maigida, ni fa ba don wannan aka kawo ni gidan nan ba."

"Sassauta, uwar yara! Jefo ta kamar kin kwana da yunwa."

Madubi ya fashe, agogon bango ya bi shi, sannan hannun ya faɗa. Ya aika wa direban cewa ranar Asabar za a raba raini, ya ɓare tsohuwar robar faifansa domin ya liƙa sabuwa. Ranar Laraba zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. An sami faifan a bakin taga, gefe ɗaya da sabuwar roba, ɗayan katako tsirara.