Ƙofar da Ta Gane Tsaf-Tsaf

Tsaf-Tsaf muke ce mata, Allah ya jiƙanta, domin ba ta iya ganin datti ta kau da kai. Wanki da guga ne sana'arta. A shagonta na bayan tashar mota, ko kumfar sabulu ba ta kwana a bakin baho. Wayarta ma ba ta tsira ba: kullum da safe sai ta goge duk saƙon da ya shigo, wai shara ce.

Abu ɗaya ke ci mata rai. Mutanen da ta tsufa tana goge wa kaya sukan wuce ta a hanya ba ko sannu. "Rigar ta san ni," takan ce tana dariya, "mai ita ne bai waye ni ba."

Da cikin autarta ya tsufa a can wata ƙasa, yarinyar ta saya mata tikitin jirgi. Ta sa aka ɗauki hoton fuskar uwar aka tura wa kamfanin, sannan ta turo tikitin ta waya.

"Inna, don Allah ban da wannan a sharar."

"Ni yarinya ce?"

Ranar tafiya hannu ya riga hankali. Sai da ta shiga layi a filin jirgi ta ga wayar fes. Ta kira auta, mijin ya ɗauka a gaggauce: naƙuda ta taso, suna hanyar asibiti. Layin ya katse. Ta tsaya riƙe da jaka.

"Mama, ina tikitinki?" in ji wata ma'aikaciya.

"'Yar nan, na wanke shi."

Ma'aikaciyar ta danne dariya, ta ja ta gaban wata ƙofa mai gilashi. "Kalli nan kawai."

Ta gyara ɗankwali, ta kalla. Koriyar fitila ta kama, sunanta ya fito, ƙofar ta buɗe.

"Wa ya gaya mata ni ce?"

"Fuskarki ta gane, Mama."

"To, sannu da aiki," Tsaf-Tsaf ta ce wa ƙofar. Ta sa bakin gyale ta goge sawun yatsun mutane daga gilashin, ta wuce kai a sama.

Ita ta yi wa jikarta wankan farko. Ta dawo tana ba mu labarin ƙofar nan har muka haddace, kuma yau da za ta maimaita, da mun zauna mun saurara.

A wayar da ta bari, saƙo ɗaya muka tarar: hoton jaririyar.