Kaset Ɗin da Baba Ya Ba Ni In Kai

Baba bai yi boko ba, ajaminsa kuwa shi kaɗai ke iya karanta shi. Da na fara koyarwa a wata firamare a Yelwa, ba da daɗewa da yanke mana Jihar Kebbi ba, na sayo rediyo mai cin kaset, sai ya mayar da ita magatakardarsa. Yakan zauna a zaure in danna masa jan maɓalli, ya yi sallama kamar mutumin na gabansa, ya faɗi abin da zai faɗa, sannan a ba masu jirgi kaset ɗin su kai.

Ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, yana zaune a wani ƙauyen masunta a bakin tafki, can wajen Ngaski. Su biyu suka rage a ɗakinsu. A shekarar nan Baffa ya sayi injin jirgi da wani taru mai ƙananan idanu, irin wanda in an ja shi ba ya barin ko 'ya'yan kifi. Baba, wanda ya yi sana'ar su shekara da shekaru kafin ya koma sassaƙar jirgi, ya ce wannan zalunci ne ga ruwa da ga na baya. Ya faɗa masa haka a kasuwa, Baffa kuma ya mayar masa da magana a gaban mutane. Wata huɗu ba su gaisa ba.

Wata Laraba da hantsi ya sa na kunna masa rediyon. Ina jin yadda ya fara na tashi na bar zauren, don ban taɓa jin muryarsa da zafi haka ba. Da na dawo ya sa na ciro kaset ɗin ya ce in ba masu jirgi ran kasuwa. Na amsa da to, na je na tura shi ƙasan akwatina. A ganina ina kashe wuta ne. Da ya tambaye ni bayan kwana biyu, na ce an tafi da shi.

Sati uku bayan nan zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa.

Baffa bai samu jana'iza ba, sai washegari ya iso. Ya zauna a bakin tabarma har aka yi sadakar bakwai, ba ya cin kirki, ba ya magana sai amsa gaisuwa. Ranar da zai koma, wani maƙwabcinmu ya tambaye shi ko saƙon marigayi ya same shi. Baffa ya juyo ya dube ni.

"Ɗana, Yaya ya bar mini magana?"

Na ce zan duba. Ya ce zai jira ni a gida.

A kasuwa akwai wani mai gyaran rediyo, Bakambare ne, Kirista, mun saba da shi. Na kai masa kaset ɗin na ce ina son ya yanke mini faɗan, ya bar sallamar farko da addu'ar ƙarshe, in akwai. Ya ce aikin ba wuya, reza ce da ɗan gam. Amma ya riƙe kaset ɗin bai buɗe ba.

"Malam, ka ji shi har ƙarshe?"

Na ce a'a.

"To ni ba na yanka maganar mamaci ban ji ta ba. Je ka saurara. In ka dawo ka ce in yanke, sai mu yi shawara."

Na koma gida raina a ɓace. Inna tana takaba, tana zaune a ƙofar ɗakinta. Na gaya mata komai, har ƙaryar da na yi wa Baba. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce in ɗauko rediyon.

Faɗan ya kai minti goma. Ya tuna wa Baffa yadda mahaifinsu ke mayar da ƙananan kifi ruwa da hannunsa, ya kira shi mai kunnen ƙashi, ya ce ya kunyata shi a idon jama'a. Sannan ya yi shiru. Ashe da na fita ba wanda ya kashe rediyon, shi kuma bai san inda ake dannawa ba. Muka ji kaji, muka ji ƙarar tabarma, sai muryar Inna daga nesa tana cewa ya yi yawa. Sai Baba, da muryarsa ta kullum: "Bari ya ji. Wa gare shi da zai gaya mishi in ba ni ba? Ki ƙulla mishi daddawar nan taki a haɗa da kaset ɗin, matarsa ba ta iya ba. Ko ƙafar nan tasa ta warke, oho." Daga nan sai tari, da takun tafiyarsa.

Inna ta share ido da gefen mayafi. Na ce to sai a cire na farkon a bar wannan.

"Ba naka ba ne da za ka rage," in ji ta. "Kai mishi ɗan'uwansa yadda yake."

Ran kasuwa na bi jirgin inji, da kaset a aljihu da ƙullin daddawa a jaka. Na tarar da Baffa a ƙarƙashin rumfa yana ɗinkin komar kamun kifi. Kafin in kunna na gaya masa cewa saƙon ya kwana sati uku a akwatina Baba na da rai, kuma ni na hana su shiryawa. Ya ce in kunna tukuna.

Ya saurara kansa a sunkuye. Da aka zo wurin mai kunnen ƙashi sai na ga kafaɗunsa na rawa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce ta haɗu da hawaye. "Tun ina ɗan yaye yake kirana haka," ya ce. Da aka kai maganar ƙafa ya miƙe ta gabansa ya daɗe yana kallonta. Ya sa na mayar da kaset ɗin farko sau biyu, kuma faɗan yake son sake ji.

Sannan ya ce, "Ƙaryar da ka yi mishi, ka nemi gafarar Allah, ka riƙa yi mishi addu'a. Amma kada ka ɗora wa kanka rabuwarmu. Da ka kawo wanga abu lokacin, da na aika mishi da wanda ya fi shi zafi, ya tafi da shi a kunne. Allah ya tsare ni da wannan."

Ban san nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da ya faɗi haka. Har yau ina gode wa mutanen nan uku, mai gyaran da ya ƙi sa reza, da Inna, da Baffa, don kowannensu ya hana ni wani abu da zan daɗe ina nadamarsa.

Baffa bai jefar da tarun nan take ba. Sai da damina ta zagayo ya yanka shi ya yi shingen kaji da shi, bai kuma yi wa kowa bayani ba. Mai gyaran rediyo ya kwafa mini kaset ɗin, na riƙe ɗaya, Baffa ya riƙe na asali. Nakan kunna nawa in kewa ta dame ni. Inna kuwa ba ta ƙara yarda ta saurara ba. Duk ranar da ta ga na ɗauko rediyon sai ta ja buta ta zaga bayan ɗaki, ta ce in kira ta in na gama.