Makullan Sito

Har yau ban manta da wata Alhamis ta watan Nuwamba ba, a kamfanin yadudduka da na yi wa aiki shekara goma sha ɗaya a unguwar Cheetham Hill, can ƙasar Turawa. Ni ne mai kula da shige da ficen kaya, wato babu motar da za ta bar sito ban sa hannu ba.

Kamfanin na wani dattijo Ba'indiye ne, Mista Mehta. Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, 'yarsa Mira ta riƙe mu shekara biyu. Ita ta hana a sallami direbobi lokacin da kasuwa ta ja baya. Ƙanenta Rohan kuwa yana reshen Erdington, inda aka fi yabonsa da iya faka mota.

Al'adar gidan ita ce, duk wanda tsohon ya miƙa wa makullan sito a gaban ma'aikata, shi ne shugaba. Babu takarda, babu ƙuri'a.

Ranar aka turo Mista Mehta a keken marasa lafiya, Rohan na biye da shi. Mira na zuba mana shayi, kamar yadda take yi duk sanda manyan gidan suka zo. Ya dube ni ya ce, "Sani, kai ka fi kowa daɗewa a nan. A ƙasarku wa ke hawa kujerar uba?"

Na ɗauka hira ce. Mu an tarbiyyantar da mu idan babba ya yi tambaya, ka amsa abin da ya tambaya, kada ka ƙara. Na amsa kamar ɗan aji uku: "Galibi ɗa namiji, ranka ya daɗe."

Ya gyaɗa kai. "Kun ji ko? Ba mu kaɗai ba ne." Ya miƙa wa Rohan makullan.

Mira ta ci gaba da zuba shayinta. Da ta zo kaina ta ce a hankali, "Ankul Sani, 'ya'yanka nawa ne ma?"

"Uku."

"Duk mata ko? Babbar ce ke karatun likita a jami'ar da ke Oxford Road? Ka gaishe min da ita."

Bayan wata biyu ta ajiye aiki. Kafin shekara ta zagayo, ni na karɓi makullan motoci daga hannun direbobin da ta hana a sallama, don Rohan ya sallame su.

Ku da kuka fara aiki yanzu, ku sani ba don neman ilimi maigida ke tambayarka al'adar ƙasarku a gaban jama'a ba. Shaida yake nema. Amsata daidai ce, kowane malami zai ba ni cikakken maki. Amma abin da na gani da idona shekara biyu, shi ne ban faɗa ba, wai don ba a tambaye ni ba.