Bari-mu-gani zai rufe shago

Mai gyaran waya ne. Da safe yakan share teburinsa, ya jera wayoyin caji a jikin ƙusa, ya goge tabarau da gefen riga, sannan ya ɗago ya dubi na farko a benci. Duk abin da ka kawo masa amsarsa ɗaya ce: "Bari mu gani." Har ta zama sunansa.

Ni yayata ce ta kai ni. Idonta na mutuwa a hankali, likita bai ɓoye mata ba, ita kuwa karatu ne rayuwarta. Ɗanta ya aiko mata kwamfutar hannu, sai ga shi kamfanin ya kulle ta tam: littafin da ba a kantinsu aka saya ba, ba ya buɗuwa. Nata littattafan na'ura kuwa, waɗanda ta yi shekaru tana tarawa, ko ɗaya bai buɗu ba. Wani mai gyara ya ce sai an fasa kullen gaba ɗaya, in kwamfutar ta mutu ta mutu.

Shi bai fasa komai ba. Ya shiga saiti ya ba da izinin saka manhajar waje, ya ɗauko manhajar karatu daga shafin masu ita, don ba ya yarda da kwashe-kwashe. Gargaɗi ya fito cewa abin na iya cutar da na'urar. Nan ya janye hannunsa, ya juya wa yayata fuskar kwamfutar.

"Hajiya, wannan ke za ki danna. Kayanki ne."

"Idan ta lalace fa?"

"Ban taɓa gani ba. Amma ba zan rantse miki ba."

Ta sa yatsa ta danna. Ya ƙara girman rubutu har kalma huɗu ta cika layi, ya ce ba inda za mu sai ta karanta masa shafi guda da ƙarfi. Ta karanta, muna ta share hawaye kamar masu yankan albasa.

Bari-mu-gani, kai ne ba ka taɓa danna wa mutum abin da bai fahimta ba. Kai ne duk sanda sabuntawar kamfani ta hana manhajar buɗuwa, ka gyara ba ka ce "kin kuma dawowa?" ba. Sannu, mai buɗe ƙofa ba da gatari ba!

Yanzu hannunsa ya soma karkarwa, ƙarshen wata zai rufe shago. Ni tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu gyara, don Allah wani ya je ya zauna kusa da shi ya koya kafin ya tafi. Kamfani ba zai daina sabuntawa ba, yayata kuma jiya ta sake ƙara girman rubutun. Kalma uku ke cika layi yanzu.